Rigar Mijin Yaya

Aikin ba wani babba ba ne. Narith zai hau babur ya yi arewa, ya wuce Dutsen Kulen, ya duba ko hanyar wani tsohon gini da ke cikin daji tana biyuwa bayan damina, ya ajiye kwandon sadaka a bakin ƙofar ginin, ya juyo. Abin da yayarsa Phalla ta roƙe shi ke nan, a gidanta da ke bayan garin Siem Reap.

Hanyar ta mijinta ce, Bunthan. Shi ke kwasar baƙin da suka gaji da cunkoson masu kallon tsofaffin gine-ginen Angkor yana kai su inda manyan motoci ba sa zuwa, kangayen da daji ya haɗiye da ƙauyukan da ba mai bin ka da tallan hula. Narith kuwa adaidaita yake ja. Kullum yana cikin layin direbobi a bakin babbar ƙofar Angkor, yana yi wa kowane Bature murmushi iri ɗaya. Ya sha roƙon Bunthan ya nuna masa hanyoyin daji, Bunthan ya sha ce masa a bari sai an kwana biyu. Yau ga shi an kirawo shi bai roƙa ba.

A bakin shingen gidan ya ci karo da ting mong, mutum-mutumin ciyawar nan da ake kafawa idan cuta ta shigo gida, don abin da ke yawo ya tsaya a kansa ya ƙyale masu rai. An sa masa tsohon wandon Bunthan. A ƙasa yake kwance, kansa na ƙoƙon kwakwa ya juya yana kallon bayansa.

"Yaya, mai gadin naku giyar giginya ya sha ne?" in ji Narith.

"Karnuka ne," in ji Phalla. Ba ta yi dariya ba. "Shigo."

Bunthan yana kwance a lilo a ƙarƙashin gidan, tsakanin ginshiƙan da ke ɗauke da shi. Tun tsakiyar damina yake kwance, asibiti sun duba ba su ga komai ba. Ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Duk sa'ad da ganye ya motsa a waje sai idonsa ya tafi can.

"Auta, ka gan ni nan," ya ce. "Ina da baƙi mako mai zuwa, mata da miji. Sun ce ba sa son ganin wani Bature ban da junansu. Je ka duba min hanya. In ta yi kyau, kai za ka kai su."

"Ni? Yaya Bunthan, ciwon ya hau kai ne?"

"Bakinka dai lafiyarsa ƙalau."

Narith ya yi dariya, yana ƙoƙarin ɓoye murnarsa. Ya so ya tashi tun da hantsi, amma Phalla ta ce ƙafarsa ba za ta fita ba sai ya ci abinci. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta san abin da ke zaunar da shi. Ta dafa miyar kifi mai tsami, ta soya daddawar kifi da barkono, ta zuba masa, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Ita kanta ba ta kai loma baki ba. Narith ya lura da haka, ya ɗauka damuwar jinya ce. Har rana ta karkata yana zaune a tabarma.

Da ya miƙe, sai ta ƙare wa rigarsa kallo.

"Da wannan tsumman za ka je? Cire."

Ta ɗauko rigar aikin Bunthan, shuɗiya, an ɗinka sunansa a ƙirji da farin zare. Narith ya shinshina ta, ya yamutsa fuska.

"Yaya, ba a wanke ta ba fa."

"Kai da ke kwana da rigar jiya, yau ka zama mai tsabta? Sa."

Ya sa. Ta ɗora masa hular Bunthan, ta ɗaura masa ƙyallen wuyan Bunthan mai layin ja da fari da hannunta, ta ja ƙullin sosai. Ta ja da baya ta dube shi.

"Dama tsayinku ɗaya," ta ce a hankali. Sannan ta miƙa masa kwandon a rufe da ganyen ayaba. "Akwai wani tsoho mai kula da wurin. Idonsa ya tafi, Bunthan kaɗai ya sani. In ya kira sunan, ka amsa kawai. Kada ka tsaya yi wa kowa bayani, mutanen can taurin kai gare su, za su mayar da kai."

"Inna ta ce ba a amsa kira a daji."

"Inna ta ce kada ka yi iyo a rafi. Ka fasa?"

Babur ɗin ma na Bunthan ne. Da Narith ya tayar da shi ya waiwaya zai yi sallama, Bunthan ya riga ya juya fuskarsa ga ginshiƙi.

Kwalta ta raka shi har bayan dutsen, sannan ta ƙare. Daga nan jar ƙasa ce, ruwan damina ya yi mata kwaruruka. Gonakin rogo a dama da hagu, can nesa giginyoyi tsaye ɗaiɗai. Ƙura ta dame shi, ya ja ƙyallen ya rufe hanci da baki. Ya wuce wani mutum yana kora shanu, ya wuce motar katako da ta maƙale a laka. Bayan su bai sake haɗuwa da kowa ba.

Rana tana kan itatuwa ya isa ƙauyen ƙarshe.

Kowace ƙofa da ting mong ɗinta. Sababbi ne, ciyawarsu ba ta bushe ba. Wasu da bindigar katako, wasu da tsohuwar tukunya a kai. Narith ya taɓa ganin ƙauyen da ya kafa su lokacin annoba, amma bai taɓa ganin inda duka suke fuskantar waje ɗaya ba. Waɗannan duk daji suke kallo.

Wata mata ta hango shi, ta sunkuci ɗanta ta haye tsanin gidanta. Ya tsaya wurin mai sayar da fetur a kwalba ya tambayi hanya. Mutumin bai dubi fuskarsa ba, ƙirjinsa ya duba.

"Kai za a nuna wa hanya?" ya ce.

Wata tsohuwa na zaune a gindin tsani tana taunar ganyen da ke rina baki. Ta tofar da jan miyau gefe.

"Da ƙafarka ka dawo?" ta ce. "To, ya fi."

Narith ya kai hannu zai sauke ƙyallen ya ce musu ba shi ba ne. Sai ya tuna da maganar Phalla. Ya ce a ransa, ko me Bunthan ya yi wa mutanen nan, shi ya sani. Ya ajiye babur a ƙarshen gidaje, ya ɗauki kwando, ya shiga.

Hanyar ƙafa ce, faɗinta bai wuce mutum ɗaya ba. An kafa turaku masu jan fenti a gefe da gefe. Duk ɗan ƙasar ya san ma'anarsu: daga turke zuwa ciki ba a tone nakiyoyin yaƙi ba tukuna. Nan da can akwai allo mai hoton ƙoƙon kai. Narith ya riƙa taka tsakiya.

Daji yana ta hayaniyarsa ta yamma. Gyare, kwaɗi, wani tsuntsu mai maimaita kuka ɗaya. Ƙasa tana warin ruɓaɓɓen ganye. Yana tafe yana tsara abin da zai gaya wa baƙi, inda zai tsayar da su su sha ruwa, irin dariyar da zai ba su. Hanya dai tana biyuwa. Wannan ya isa ya faranta masa rai.

Sai daji ya buɗe.

Ginin jan bulo ne, dogo, samansa ya rufta. Ƙofarsa ta dutse ce mai zane, cikinta baƙi ƙirin. Warin kashin jemage yana fitowa daga ciki. Narith ya san ƙofar nan. Ya gan ta a wayar Bunthan, tsaf, ba abin da ya tare ta, baƙi biyu tsaye a gabanta suna dariya.

Abin da hoton bai nuna ba shi ne kututturen.

Yana gaban ƙofar, faɗinsa ya fi tabarma. Yankan inji ne. Itacen kansa yana kwance gefe, kuma har yanzu da ƙyalle ruwan goro ɗaure a jikinsa. Narith ya daɗe yana kallon ƙyallen. Ko yaron goye ya san ba a sa wa itace mai ƙyalle ƙarfe. Akwai mai shi, kuma ba mutum ba ne. A ƙarƙashin gangar itacen ya hango ɗan gidan katakon da ake ajiye wa mai wurin turare da ayaba, ya farfashe.

Yankan ya tsufa, gefensa ya yi baƙi. Amma tsakiyarsa a jiƙe yake. Ƙaro yana tsattsafowa, ja, yana gangara a hankali.

"Bunthan."

Muryar tsoho ce, daga cikin ƙofar. Ba faɗa a cikinta. Irin kiran da kaka ke yi wa jika in abinci ya sauka.

Narith ya haɗa tafukansa a ƙirji.

"Na'am, Kaka."

Gyare suka yi shiru. Ba a hankali ba, gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki da hannu.

Ya jira tsohon ya fito. Ba wanda ya fito. Sai a lokacin ya fara duba wurin da idon mai neman mutum. Ba bukka. Ba toka. Ba tulu, ba sawun ƙafa sai nasa. Saƙar gizo-gizo ta rufe ƙofar daga sama har ƙasa, ko zare ɗaya bai tsinke ba.

"Ka daɗe," in ji muryar.

Yanzu a bayansa take.

Bai waiwaya ba. Ya durƙusa ya ajiye kwandon a kan kututturen, ya yaye ganyen ayaba, yana fatan turare da dafaffiyar kaza su yi masa magana. Akwai turaren. Akwai kazar. A ƙarƙashinsu akwai farin ƙyalle a ninke, sabo, irin wanda ake rufe fuskar mamaci da shi.

Wani abu ya soke shi a ƙeya.

Tun a hanya yake jin sa, yana cewa ƙaiƙayin rigar da ba a wanke ba ne. Ya kai hannu ya laluba wuyan rigar. Akwai kumburi a cikin ninkin. Ya ja da ƙarfi, zare ya ɓalle, abin ya zubo a tafinsa.

Gashin kai. Yankakkun farce.

Ya jawo wuyan rigar kusa da idonsa a ɗan hasken da ya rage. Ɗinkin ƙanana ne, kowane uku sai a koma baya sau ɗaya. Ya san hannun. Da irin ɗinkin nan aka riƙe masa wandon makaranta har ya gama.

Ting mong ɗin da ke bakin shinge ya faɗo masa a rai, da kansa a juye. Ba karnuka ba ne. Na ciyawa ya kasa, shi ya sa aka nemo mai numfashi. An ciyar da shi har rana ta karkata, don ya iso a lokacin da ya kamata.

Abin mamaki, a wannan ɗan lokacin bai ji tsoro ba. Ɗanɗanon miyar nan mai tsami ya ji ya taso masa a maƙogwaro.

Sai ganye ya motsa a bayansa.

Ya miƙe. Ya juya a hankali, idonsa a ƙasa, ya nufi bakin hanya. Bai ga kowa ba. Amma ciyawar da ke gefen kututturen tana kwanciya, wuri bayan wuri, kamar ana ɗora mata nauyi.

Ya shiga tsakanin turaku.

Yana son gudu. Ba halin gudu. Jan fentin ya fara komawa baƙi, turke da kututture sun fara kama da juna. Ƙafa ɗaya a waje ta isa.

Tafiya yake, ana tafiya a bayansa. Ba takun ƙafa ba ne. Ƙarar itace ce da ake ja a ƙasa, a tsaya, a sake ja.

Warin ƙaro ya cika masa hanci.

"Bunthan."

Ya cije leɓe.

"Ka amsa ɗazu."

Wani abu ya kama jelar ƙyallen wuyansa. Bai fizga ba. Ya riƙe kawai, Narith ya yi taku ɗaya, ƙullin ya shaƙe shi. Ƙullin Phalla ne, ba ya kwancewa da sauƙi. Ya sa farce, ya sa haƙori. Numfashinsa ya koma shaƙuwa. Ƙyallen ya saki.

Ya yi gaba da sassarfa har ya ci karo da allo mai ƙoƙon kai. Turke ne mai katako a gicciye, tsayin mutum.

Ya tuɓe rigar, maɓallai suna faɗuwa. Ya rataya ta a katakon, hannu a dama, hannu a hagu. Ya kifa hular a sama. Ya zuba gashin da farcen a aljihunta. Sannan ya matsa kaɗan, ya tsaya a tsakiyar hanya, ba riga, hannuwa a sake.

Ya daina motsi.

Abin ya iso.

Sanyi ya fara taɓa bayansa, irin sanyin cikin rijiya. Ya wuce ta gefensa, ya goge shi a kafaɗa. Kaushi gare shi kamar ɓawon itace. Narith ya runtse ido.

Ya ji ana shinshinar rigar. An daɗe.

Yadi ya fara yagewa, sannu a hankali, daga wuya zuwa ƙasa.

Katako ya yi ƙara. Ƙas.

Shiru.

"Wannan ma ciyawa ce," in ji muryar. Ba fushi a cikinta, gajiya ce. "Ina wanda ya amsa?"

Narith ya riƙe numfashi.

Sanyin ya dawo gabansa. Ya tsaya daidai fuskarsa.

"Kai ba warinsa gare ka ba. Ina yake?"

Amsar tana kan harshensa, a shirye. Ya san unguwar, ya san layin, ya san ginshiƙin da aka ɗaure lilon. Kalma kaɗan ce. Wanda ya sare itacen ya ji da abinsa. Amma a gidan nan Phalla take kwana, kuma abin da zai shiga ba zai tambayi wa ya riƙe zarto, wa ya riƙe allura ba.

Ya tsane ta a wannan lokacin fiye da yadda ya taɓa tsanar wani. Bai buɗe baki ba.

"To," in ji muryar. "Na riƙe wanda ya amsa."

Wani abu ya taɓa tsakiyar kansa. Ba zafi. Ya ji kamar ana zare zare ɗaya siriri daga cikin saƙa, yana fita, yana fita, har ƙarshensa ya wuce.

Gyare ɗaya ya yi kuka. Sauran suka bi.

Bai san yadda ya kai ƙauyen ba. Ya dai tsinci kansa a durƙushe a gindin wani tsani, ana haska masa fitila a fuska. Tsohuwar nan ce mai jan baki.

"Af," ta ce. "Ba kai ba ne."

"Ba ni ba ne, Iya."

"Wa ya sa maka kayansa?"

Tsohuwar ta dube shi, ta dubi shatin ƙulli a wuyansa, ba ta sake tambaya ba. Ta yafa masa zane, ta kira surukarta ta kawo jan zare da ludayi da ɗan dunƙulen shinkafa.

"Tsohon da ke kula da wurin fa?" in ji Narith, ko da yake ya san amsar.

"Wane tsoho? Mai kula da wurin ɗaya ne, kuma ka gaisa da shi. Mai rigar da ka zo da ita ya zo da masu inji, wai itacen yana ɓata wa baƙinsa hoto. Mun roƙe shi, ya ce mu mutanen ƙauye ne. Tun ranar ba gidan da ba a kwanta ba." Ta kama wuyan hannunsa. "Ya kira ka?"

"Ya kira shi."

"Ka amsa?"

"Sau ɗaya."

Ta ja tsaki mai tsawo, na tausayi. "Ku 'yan birni. Uwarka ba ta gaya maka ba?"

"Ta gaya mini."

"To bari in kira kurwoyinka su dawo gida, ba ɗaya gare ka ba, kuma tsoro ya watsa su. Yaya sunanka, jikana?"

Narith ya buɗe baki. Sunan bai zo ba. Ya san yana da shi, kamar yadda mutum ke sanin ya ajiye mabuɗi a wani wuri cikin ɗaki. Sai da ya lalubo fuskar matarsa Thavy, ya tuna yadda bakinta ke motsawa in tana kiransa, sannan ya karanto shi daga can.

"Narith."

Tsohuwar ta tsaya a kan tsani tana kaɗa ludayi wajen daji, tana kira da muryar lallashi: ku dawo, ga shinkafa, ga gida, kada ku zauna a wurin da ba naku ba. Ta daɗe tana yi. Da ta sauko ta ɗaura masa jan zaren, sai ta riƙe hannunsa ba ta saki ba.

"Sun dawo," ta ce. "Ban da ɗaya."

Washegari da rana tsaka ya isa gidan yayarsa, sanye da rigar aro. Phalla tana shara a tsakar gida. Da ta gan shi, tsintsiyar ta tsaya. Ba fuskarsa ta fara dubawa ba. Ƙasa ta duba, ta ga ko yana da inuwa irin ta mai rai.

A ƙarƙashin gidan Bunthan yana zaune da kansa, kwano a cinya, yana shan kunun shinkafa da sauri irin na wanda yunwa ta dawo masa.

"Auta," in ji Phalla.

"Bar wannan sunan."

Ta jingina tsintsiyar da ginshiƙi. Ba ta yi ƙoƙarin musu ba, wannan ma ya ƙara masa ciwo.

"Boka ya ce in ya ga ba shi ba ne, zai sake ka."

"Zai sake ni ya ce, ko wataƙila?"

Phalla ta sake ɗaukar tsintsiyar.

"Farin ƙyallen fa, Yaya? Shi ma boka ne ya ce? Don in ya sake ni in share gumi?"

"Ina da 'ya'ya, Narith. Uban nasu yana mutuwa a gabana."

"Ni ma ina da su. Kin san sunayensu, ke kika yi musu wankan farko."

Ta rufe bakinta da hannu. Bunthan ya ɗago daga kwanon, ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Haba, ƙanena. Ga ka nan ka dawo lafiya. Baƙin ma naka ne, na faɗa na kuma."

Narith ya dube shi, mutumin da yake ganin an yi ciniki an gama. Ya ajiye mabuɗin babur a kan tabarma, ya juya.

Yana bakin shinge maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga, ta ga mara lafiya zaune, ta ɗaga murya da murna.

"Bunthan!"

"Na'am," in ji Narith.

Kalmar ta fita kafin ya san ta taso. Maƙwabciyar ta dube shi da mamaki. Phalla ta yi wani ƙaramin sauti a maƙogwaro. Bunthan kuwa bai ko ɗaga kai ba. Bai ji an kira kowa ba. Yana ta kankare gindin kwano da cokali.

Narith bai sake taka gidan ba. Ya koma layin adaidaita, kuma in baƙo ya tambaye shi ko ya san wani wuri da ba kowa ke zuwa ba, sai ya ce bai sani ba. Bunthan ya warke ya yi ƙiba. An ce mutanen ƙauyen ma sun tashi daga jinya, sun kwashe mutum-mutuminsu sun ƙone.

Abokan layi sun gaji da kiran Narith yana kallon wani wuri, har suka sa masa Kurma. Thavy ta koyi taɓa kafaɗarsa kafin ta yi masa magana. Ta kai shi gidan ibada, sufaye sun yi masa wanka da ruwan addu'a, an ɗaura zare a kan zare. Yana ci, yana aiki, yana wasa da 'ya'yansa.

Sai dai in rana ta kai kan itatuwa, duk abin da Thavy take yi takan ajiye, ta zo ta zauna kusa da shi ta riƙe wuyan hannunsa. A wannan lokacin ne kansa ke juyawa arewa, ya karkata kunne, leɓɓansa su fara motsi. Takan sa tafinta ta rufe masa baki, ta riƙe har duhu ya gama sauka.